Bargon Ƙyalle a Kan Keken Gida: Jagora ga Mai Shirin Farawa

Duk wadda ta taɓa leƙa shagon tela ana jibi Sallah ta san abin da ke ƙarƙashin teburin yanka: tarin ƙyallen atamfa da shadda da yadi, ja da kore da ruwan goro, wani bai wuce tafin hannu ba, wani ya kusa isa ɗankwali. Bayan Sallah yaron shago zai tattara su a buhu. Kaɗan a cusa matashin kai, kaɗan a yi tsumma, sauran kuwa bola. Da irin wannan buhu na ɗinka bargon da na fara gamawa, a kan baƙin keken Butterfly na ƙafa, irin wanda ake sa wa amare cikin kayan ɗaki. Shi ya sa idan wata ta ce mini tana sha'awar wannan ɗinki amma sai ta tara kuɗin keken zamani, nakan ce mata: 'yar'uwa, wanda ke ɗakinki ya isa.

Abin da nake kira bargon ƙyalle, wanda Turawa ke ce wa kwilt, hawa uku ne. Akwai fuska, wato ƙyallayen da aka harhaɗa suka zama yadi guda. Akwai ciko mai laushi a tsakiya. Sai shafi a ƙasa, kamar shafin riga. Ɗinkin da ke ratsa ukun ya riƙe su wuri ɗaya shi ne zuciyar sana'ar, kuma shi ne ke tsorata masu koyo. Ni ɗinkin lifidi nake kiransa, domin ba baƙo ba ne a wurinmu. Lifidin da ake sa wa dawakai a hawan Sallah yadi ne sama da ƙasa, auduga a tsakiya, an bi shi da ɗinki layi-layi don kada cikon ya taru gefe guda. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ce Sarki Kanajeji ɗan Yaji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Abin da maɗinkan fada suka yi da allura da hannu don tare kibiya, shi za ki yi da keke don tare sanyin hunturu.

Ki fara da ƙarami. Wannan ita ce shawarar da na fi so ki riƙe, saboda rashin jin ta ya ci mini shekara guda. Na soma ne da bargon babban gado, da ciko mai kauri, ina so in kai gudummawar biki saura mako uku. Ya ƙi shiga cikin keken, bayansa ya tattare, kafaɗuna suka yi tsami, na ninke shi na tura akwati da baƙin ciki, na daɗe ban sake kallon aikin ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Bargon farko kada ya zama na kyauta mai ranar da aka sa. Ya zama shimfiɗar yaro, inci 36 a faɗi, 45 a tsawo, wadda za ki iya juya ta a keke ba tare da kokawa ba, ki kuma gama ta kafin zuciyarki ta gaji.

Lissafinta mai sauƙi ne. Ki yanka kwali mai ƙwari murabba'i, inci 5 kowane gefe, ki riƙa ɗora shi kan ƙyalle kina zanawa da alli ko fensir kina yankewa. Guda 80 kike bukata: layi 10, kowane layi guda 8. Kowane gefe ɗinki zai ci rubu'in inci, don haka kowane murabba'i zai koma inci 4 da rabi, lissafi ya fito daidai. Amma kafin almakashi ya taɓa komai, a wanke ƙyallayen a goge. Sabuwar atamfa tana da sitati, tana ɗan tsukewa a wankin farko, wata kuma tana zuba. Ja da shuɗi mai duhu su na fi tuhuma: ki jiƙa su dabam, ki matsa a kan farin ƙyalle, wanda ya bar launi ki ware shi. Ki zaɓi masu jikin auduga, masu kauri kusan ɗaya. Leshi, da yadi mai santsi, da mai miƙewa kamar roba, a bar su sai hannu ya faɗa.

Rubu'in incin nan shi ne sirrin haɗa fuska. Ki auna daga allura zuwa dama, ki manna salatif a kan farantin keken, ya zama layin da bakin yadi zai riƙa bi. Idan kowane ɗinki ya ci daidai da ɗan'uwansa, kusurwoyi za su haɗu da kansu. Ki haɗa takwas-takwas su zama layuka, ki goge ɗinkin layin farko ya kwanta dama, na biyu hagu, na uku dama, haka har ƙarshe. In kin zo haɗa layi da layi za ki ji gaɓoɓin sun shige juna a ƙarƙashin yatsa, babu tudu. Wajen guga kuwa a danna a ɗaga. Jan dutsen guga da ƙarfi yana karkatar da yadi.

Wasu kusurwoyin ba za su haɗu ba, kuma kada wannan ya tsayar da ke. A wani ƙauye mai suna Gee's Bend, a jihar Alabama ta Amurka, mata baƙaƙen fata, jikokin bayi, sun yi shekara da shekaru suna ɗinka irin wannan bargo da tsofaffin wandunan aikin gona da buhunan yadi, ba don ado ba, don gidajensu na katako ba sa tare sanyi. Layukansu ba su miƙe ba, ƙyallayen ba su yi daidai da juna ba. A 2002 aka baje bargunan nan a gidan adana kayan fasaha na birnin Hustan, daga nan aka kai su Niyok, a 2006 kuma hotunansu suka hau kan sarkin wasiƙa na Amurka. Abin da masana suka yaba shi ne idon da ya zaɓi launi da hannun da bai ji tsoro ba. Macen da ta iya zaɓen ɗankwalin da zai hau da zane tana da wannan idon.

Ciko shi ne inda kasuwa kan yaudari mai koyo. Masu sayar da kayan ɗinkin zanen gado suna da faiba da ake aunawa da yadi, kuma ido yakan tafi ga mai kauri saboda ta fi kama da bargon kanti. Ki ɗauki mafi siranta. Mai kauri tana tura ƙafar keke sama, tana zamewa, tana sa ɗinki ya tsallake. In ba ki sami faiba siririya ba, tsohon bargo marar nauyi ya yi, haka ma tsofaffin zannuwa biyu da suka yi laushi, kuma a ƙasar zafi irin tamu wannan ya fi daɗin kwanciya. Soso ban yarda da shi ba, yana riƙe zafi kuma yana marmashewa in ya tsufa. Audugar rimi da saɓin auduga na matashi da katifa ne, a keke guduwa suke yi. Shafi kuma yadi ɗaya da rabi na atamfa ya wadatar, tunda faɗinta ya kai kimanin inci 45. Ki zaɓi mai zane da yawa: tana ɓoye karkacewar ɗinki yadda yadi mai launi ɗaya ba zai iya ba. Ciko da shafi su fi fuska da inci 3 a kowane gefe, domin ɗinki yana jan su ciki.

Yanzu aikin da kowa ke son ya tsallake, alhali rabin nasarar yana cikinsa: kafe hawa ukun kafin su je keke. Ki share siminti ko tayil, ki shimfiɗa shafi fuskarsa na kallon ƙasa, ki manne gefunansa da salatif. Ya miƙe sumul, amma kada ki ja shi kamar fatar ganga, domin in kika sake shi zai koma ya tattare fuskar. Ki ɗora ciko ki lallashe shi da tafin hannu daga tsakiya zuwa baki, sannan fuska tana kallon sama. Sai fil mai kulle: ki fara daga tsakiya, tsakanin fil da fil kada ya wuce faɗin dunƙulen hannunki. Wannan girman zai ci kusan guda 100. Ki sa su a cikin murabba'ai, nesa da inda allura za ta bi, kuma ki ƙirga su, don ki tabbatar adadin da ya shiga shi ya fita kafin yaro ya hau. In fil ya yi miki tsada, allurar hannu da farin zare sun isa: manyan taku, layi a tsaye layi a kwance, ki zare su bayan an gama. Duk tattarewar da na taɓa gani a bayan bargo, in aka bi sawunta, a nan ƙasa aka haife ta.

Kafin ki zauna, ki yi wa keken hidima. Ki buɗe farantin, ki share ƙurar zare daga haƙora da gidan kwarkwaro, ki ɗiga mai, ki ɗinka wani tsumma har man ya daina fitowa. Sabuwar allura mai lamba 14, wadda a wasu fakitin ake rubuta 90/14. Zare mai kyau, iri ɗaya sama da ƙasa, mai launin da zai nutse cikin ƙyallayen. Ruwan toka da ruwan ƙasa suna shiga kusan kowace atamfa. Ki cika kwarkwaro uku tun yanzu. Takun ɗinki ya fi na ɗinkin riga tsawo: milimita 3, ko taku 8 zuwa 10 a inci ɗaya idan kekenki da haka yake ƙirga.

Akwai wata ƙafar keke ta musamman mai nata haƙoran, tana jan yadin sama daidai lokacin da haƙoran keke ke jan na ƙasa, don kada wani ya riga wani. In kin same ta kuma ta hau kekenki, alhamdu lillahi. Ki gwada ta a kan keken kafin ki biya, don ba kowace ke dacewa da tsohon keke ba. In babu, ga abin da na yi shekaru ina yi: a saman kan keken, daidai bisa sandar ƙafa, akwai noti da ke ƙara ko rage dannawa. Ki sassauta shi kaɗan, yadda ƙafar za ta riƙe bargon ba tare da ta turo fuskar gaba ba. Da siririn ciko da kafi mai yawa, wannan ya isa. Sannan ki haɗa ɗan gwaji da ragowar kayan, hawa uku kamar na gaske, ki ɗinka ki juya. In kin ga zaren sama ya yi lauje-lauje a ƙasa, ki ɗaga ƙafar ki sake zura zaren tun daga farko, in bai gyaru ba ki ɗan ƙara ɗaurin zaren sama. In zaren ƙasa ne ke leƙowa a fuska, ɗaurin ya yi yawa, a sassauta. In ɗinki na tsallake, allura ce: ta dakushe, ko ta lanƙwashe, ko ba ta shiga har ƙarshe ba.

Abokin gabanki a kan keke nauyin bargon ne. Duk abin da ya rataya daga tebur yana jan allura, takun ya ƙanƙance, layi ya karkace, ke kuma ki ɗauka hannunki ne bai iya ba. Ki jawo wani tebur ko akwati ki ajiye a hagunki, wani a bayan keken, bargon ya sami wurin kwanciya. Sashen da zai shiga ƙarƙashin hannun keke ki naɗe shi kamar tabarma, na gabanki ki tara shi a cinya ko ki saɓa a kafaɗa. Tafukanki biyu su kwanta hagu da dama da allura, su ɗan buɗe yadin. Ba ja za ki yi ba, ba kuma turawa ba. Haƙora ke tafiyar da shi, ke rakiya kawai kike yi. Tsakanin hannuwanki nan ne kaɗai aikinki yake. In kin gama shi ki tsaya allura na cikin yadi, ki gyara zama, ki gyara bargon, ki ci gaba.

Ki fara da layin tsakiya, daga sama zuwa ƙasa, sannan ki bi layukan da ke damansa ɗaya bayan ɗaya, duka daga sama, yadda naɗin da ke cikin keke zai riƙa raguwa. In kin kai baki ki juya bargon ki yi ɗaya rabin. Littattafai da yawa suna cewa mai koyo ta ɗinka cikin kwarin gaɓa, daidai inda ƙyalle ya haɗu da ƙyalle, wai don ɗinkin ya ɓuya. Ban ba da wannan shawara ba. Kwarin siriri ne, kuma duk inda allura ta kauce sai ya fito fili. Ki bi gefen gaɓar, bakin ƙafar keke na tafiya a kanta, ɗinkin ya sauka rubu'in inci daga gare ta. Ko ki yi layi mai lanƙwasa da gangan, kamar tafiyar rafi; wanda bai yi alkawarin miƙewa ba, ba a kama shi da karkata. In kin gama na tsaye sai na kwance. A nan ne za ki ga yadi ya ɗan taru gab da inda layi zai ratsa layi. Ki tsaya, ki ɗaga ƙafa allura na ƙasa, ki baje shi da yatsa, ki wuce a hankali. In ya ci ƙaramar ninka, ki bar ta. Ƙa'idata ita ce: in kuskuren zai sa bargon ya yage ko ciko ya fito, a farke, in ido ne kawai zai gani, kuma sai an kusanto, a wuce. Mai farke kowane taku ba ta gama bargo.

Keken ƙafa yana da fifikonsa a nan. Ba ruwansa da ɗaukewar wuta, yana tafiya a hankali gwargwadon yadda kike so, kuma tsakanin allurarsa da jikinsa akwai fili fiye da na ƙananan kekunan lantarki da yawa. Kada kuma wani ya sa ki ji cewa aikin keke bai kai na hannu ba. A Amurka ma an daɗe ana wannan gardama, har 1989, lokacin da Caryl Bryer Fallert ta ci babbar kyautar gasar da ake yi a garin Paduka na jihar Kentaki da bargon da ta yi wa ɗinkin keke, karo na farko da hakan ta faru a gasar.

Ɗinkin zane, wanda allura ke yawo tana fitar da ganye da fure, mataki ne na gaba, amma ki san hanyarsa tun yanzu. Ana saukar da haƙoran keke. Wasu baƙaƙen kekuna suna da maɓallin haka a kan gadonsu, in babu sai a mai da tsawon taku sifili a rufe haƙoran da ɗan kati mai huda. Ana sa ƙafa mai zobe da ke tsalle tare da allura, kuma dole a sauke sandar ƙafa ko da kin ga kamar ba ta danne komai, in ba haka ba zare zai cukurkuɗe a ƙasa. Daga nan ke ce haƙoran: saurin hannunki da saurin ƙafarki su ke yanke tsawon taku. Hannu ya riga ƙafa, taku ya yi tsawo. Ƙafa ta riga hannu, ya taru wuri ɗaya. Wadda ta iya zanen lalle ta riga ta yi nisa, domin layi ne guda da ba a ɗaga hannu. Ki zana a takarda har hannu ya haddace, sannan ki gwada a ƙananan gwaji masu inci 12, minti goma sha biyar kullum. Na farko ba zai yi kyau ba, haka na biyar. Ki rubuta kwanan wata a jikinsu ki adana, bayan wata guda ki jera su ki gani da idonki. Yatsu dai su yi nesa da allura, kuma ki riƙa tashi kina miƙe kafaɗa duk rabin awa.

Saura baki. Ki daidaita gefuna huɗu da almakashi. Ki yanka tsiri biyar masu faɗin inci 2 da rabi daga faɗin atamfa, ki haɗa su su zama igiya guda, ki ninka ta biyu a tsawonta ki goge. Ki ɗora ɗanyen bakinta a kan bakin bargon ta gefen shafi, ki fara daga tsakiyar wani gefe, ki bar jela kamar tsawon hannu. Saura rubu'in inci ki kai kusurwa sai ki tsaya ki ɗaure, ki cire bargon, ki ninka tsirin sama ya yi kusurwa, ki dawo da shi ƙasa ya bi sabon gefen, ki ci gaba daga baki. In kin zagayo ki cusa ƙarshen cikin jelar da kika kalmashe bakinta. Sai ki juyo tsirin zuwa fuska ya rufe ɗinkin, ki bi bakinsa da keke.

Ki cire fil ki ƙirga, ki zare zaren kafi, ki wanke bargon da ruwan sanyi da sabulu marar ƙarfi. Kada ki murɗe shi. Ki matse, ki shanya a inuwa bisa igiya biyu don nauyin ruwa kada ya ja shi. In ya bushe za ki ga ya ɗan yamutse tsakanin layukan ɗinki, zaren ya nutse, ninkar nan da ta hana ki sukuni sai kin neme ta da yatsa. In jariri ne a gidan, a shimfiɗa masa a ƙasa ya yi wasa a kai, kada a lulluɓe shi da shi yana barci. A kusurwar shafi ki ɗinka sunanki da shekara, sannan ki koma wurin telan unguwa ki roƙe shi ya ajiye miki buhun Sallah mai zuwa.